Baba Japan, Wanda Ko Fasfo Ba Shi da Shi

Ƙarfe bakwai saura kwata na kowace safiya, in ka tsaya bakin titin da ya fito daga Narayi, za ka ga wata tsohuwar Corolla fara tana tafe a hankali. Masu Keke Napep na wuce ta, masu babur na danna mata hon, ita kuwa ko a jikinta. Mai tuƙin wani gajeren dattijo ne, furfura fat, da tabarau ɗaure da zare a ƙeya. Sunansa na yanka Chibuike, amma je ka Kakuri ka nemi Chibuike, ka yini kana yawo a banza. Ka ce Baba Japan, ko mai ƙosai za ta nuna maka garejinsa ba tare da ta ɗago kai ba.

Da ya isa sai ya share gaban garejin da kansa, ya jera sifanoninsa a kan buhu daga ƙarami zuwa babba, ya yi 'yar addu'a, ya sha shayi. Sannan mai mota na farko ya matso ya sha tambaya. Baba ba ya tambayar me ya sami mota. Abin da yake cewa shi ne, "Me ka yi mata?" A wurinsa Toyota ba ta laifi, mai ita ne dai bai da kirki. Kana cikin rantse-rantse zai ɗora bakin doguwar sukundireba a jikin inji, ya kafa kunne a gindinta, ya lumshe ido. Can sai ya ce, "Yaushe rabonka da canja baƙin mai? Kar ka yi mini ƙarya, ta riga ta faɗa mini."

Ƙarshen watan nan zai ajiye sifana, bayan shekara arba'in da uku, don gwiwoyi sun ƙi. Ni da ya raini motata tun tana da fenti, na ga in ban rubuta wannan ba na ci amana. Kuma da izininsa zan faɗi abin da ya hana shi sakewa duk tsawon shekarun nan: sunan da ya ci abinci da shi, kan kuskure aka gina shi. Kudancin garin Kaduna kaf sun yarda a ƙasar Japan ya koyi aiki. Bawan Allah kuwa ko fasfo ba shi da shi.

Ga yadda aka yi. Yana saurayi ya zo Kaduna, ya sami aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, a sashen gyaran injinan saƙa. Injinan sashen daga Japan aka kawo su, don haka ma'aikata suka sa wa sashen suna Japan. A tambayi mutum ina aka tura shi yau, ya ce Japan, ba wanda zai waiwaya. Shekara shida Chibuike ya yi a ciki. Nan ya ji cewa kamfanin Toyota ma da injin saƙa iyalin suka fara kafin su koma ƙera mota. Ya ce ashe 'yan gida ɗaya ne. Ya shiga bin wani bakanike ranakun hutu yana kwance motocin Toyota yana mayarwa, har ya bar masaƙa ya kafa rumfarsa.

Ku tuna fa, wannan zamanin Kaduna garin Fijo ne. A Kakurin nan ake harhaɗa ta, kowane babban ma'aikaci ita yake mafarki. Motar Japan kuwa gwangwanin madara ake ce mata. Abokansa suka ce ya zaɓi yunwa, kuma sun kusa yin gaskiya, amma ta inda ba su zata ba: motocin ba sa yawan zuwa gareji. Yakan zauna ya ga wadda ya gyara bara ta wuce fiu, mai ita na ɗaga masa hannu cikin fara'a, shi kuwa cikinsa na ƙugi.

Ana haka wata rana wani ɗan kasuwar citta daga Barnawa, Alhaji Ɗahiru, ya kawo a-kori-kurarsa. Ya ga aiki tsaf, ya ce, "Kai kuwa ina ka koyi wannan?" Chibuike, kansa na cikin bonet, ya amsa yadda ya saba: "Shekara shida na yi a Japan." Alhaji ya zaro ido. Chibuike ya buɗe baki zai yi bayani, Alhaji ya riga ya fita titi yana kiran abokinsa ya zo ya ga abin mamaki. Kafin sati ya zagayo, layin motoci ya kai bakin kwalbati. To wa zai fita ya kori layi?

Ya ce gobe zai gyara zancen. Goben ta zama shekara. Masaƙu suka rufe, waɗanda suka san Japan ɗin masaƙa suka watse. Alhaji Ɗahiru kuwa kullum sai ya ƙara wa labarin gishiri: wai da tsinke Baba ke cin shinkafa, wai da zai dawo har kuka aka yi a filin jirgi. Abin ya dami Baba har ya kai shi gaban Fada a coci. Fadan, wanda shi ma a garejin yake gyara, ya ce cikin sanyin murya, "Ashe ba ka je ba?" Baba ya ce tun daga ranar bai sake gwada faɗa wa kowa ba.

Amma aikin ba ƙarya a cikinsa. Ku tambayi Sista Damaris, tsohuwar nas da ke Narayi. Starlet ɗinta ta kama wata ƙara, ƙwas-ƙwas, duk in ta sha kwana. Wani gareji suka ce sai an sauke inji. Baba ya zagaya da ita sau ɗaya, ya zura hannu ƙarƙashin kujera, ya zaro ƙwallon goruba, ya miƙa mata. "Ga injin naki, Sista. A gaida jikoki." Ku tambayi Alhaji Ɗahiru, wanda ya sha faɗa kamar ɗan firamare ranar da ya karya sifirin ɗin motarsa da lodin citta daga Kachiya. "An ƙera ta ta ɗauki kaya, Alhaji, ba ta ɗauki Kachiya gaba ɗaya ba." Motar tana nan har yau, lambobin tafiyarta sun gaji sun tsaya, ita ba ta tsaya ba.

Akwai kuma wanda ba na dariya ba. Shekarar da gari ya rikice, Musulmin unguwar suka haye gada zuwa arewacin gari ba shiri, motoci tara na Musulmi suka kwana a garejinsa. Ya ja su baya, ya lulluɓe da tamfol, ya zauna a ƙofa. Masu tarzoma suka zo suka tambaya, ya ce duk nasa ne. Wata huɗu yana tayar da su ɗaya bayan ɗaya kowace Asabar don kada batir ya mutu. Masu su suka dawo suka same su a wanke.

Asabar ɗin da ta wuce masu motoci suka shirya masa walimar sallama. Ana saura kwana uku Alhaji Ɗahiru ya zo yana washe baki. Ya ce ya samo wani mutumin Japan da ke aiki a wata masana'anta a Kudenda, zai kawo shi wurin walima. "Shekara arba'in ba ka sami abokin hira ba, Baba. Ranar nan sai ka juye harshe mu ji."

Baba ya koma gida ya kasa cin abinci. Ya ce da matarsa, Madam Adaora, yana jin kamar zazzaɓi na tafe, kuma da alama ranar Asabar zai iso.

"Papa Uche, ba zazzaɓin da ke ba da notis," in ji ta, don da sunan ɗansu suke kiran juna. "Ka faɗa musu kawai."

"Mama Uche, in na faɗa me ya rage? Su ce tsohon nan shekara arba'in yana yi mana ƙarya. Da wannan zan tafi gida?"

"To da wanne kake so ka tafi? Ci tuwonka."

Ranar ta zo. An kafa rumfa, an jera kujeru, motocin da ya yi rainonsu sun cika titi hagu da dama. Bayan addu'a iri biyu da jawabai, Alhaji Ɗahiru ya karɓi makirfo, ya jawo hannun wani baƙo mai fara'a da aka gabatar da shi da sunan Mista Wilson, ya tsayar da shi gaban Baba. "Bismilla, Baba. Gaishe shi da yarensu."

Baba ya miƙe da ƙyar, ya dubi baƙon, ya dubi matarsa. Daga baya ya ce mini a ransa ya ga ƙofa biyu: ko ya yi wani gwalan-gwalan ya ce tsohon yare ne na ƙauye, ko ya faɗi. Ya karɓi makirfo.

"Jama'a, ku yafe ni. Ban taɓa zuwa Japan ba. Ko Legas sau biyu na je. Japan ɗin da na yi shekara shida a ciki, ga ta can bayan layin dogo, sashe ne a masaƙa, yanzu awaki ke kwana a ciki. Na so in faɗa tun farko, na ji tsoro. Shi ke nan."

Alhaji Ɗahiru ya tsaya baki buɗe. Sai Mista Wilson ya ɗan rusuna, ya ce da Hausa tar, irin ta wanda ya daɗe a gari, "Sannu Baba. Ni ma ban taɓa zuwa ba. Ni mutumin China ne. Tun a mota nake faɗa wa Alhaji, ya ce ba komai, ai duk hanya ɗaya ce."

Wayyo, ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Fada ya kifa kai a kan tebur. Madam Adaora ta zauna daɓas tana share ido da bakin zani. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Baba ya jira aka lafa, ya tambaya a hankali, "To yanzu da kuka sani, me za ku riƙa kirana?"

Sista Damaris ce ta miƙe, da sandarta. "Baba Japan mana, da me? Su na can sau ɗaya suka ƙera mini mota, na gode musu. Kai ne ka riƙe mini ita shekara talatin. Ranar da za a kai mai naƙuda asibiti ban taɓa tambayar fasfo ɗinka ba, makulli nake murɗawa ta tashi."

Alhaji Ɗahiru ya farfaɗo, ya ce shi fa an cuce shi, ya rasa labarinsa mafi daɗi. Ya ɗan yi tunani, sai fuskarsa ta washe. "Ku tsaya. Bai ma je ba ya iya haka? To da ya je fa?" Ina tabbatar muku kafin Litinin sabon labari ya kai Sabon Tasha. Baba ya zauna, ya cire tabarau, ya daɗe yana goge su da gefen riga.

Baba Chibuike, kai ne ka sa muka yarda da motar da aka raina, har ta zama ita ce kowa ke nema in zai sayi ta hannu. Ana yabon kamfani a kan ƙarko, kuma sun cancanta, amma mu nan ƙarkon da hannunka muka san shi. Kai ne ba ka taɓa sa mana jabun kaya ka ce na asali ne ba, kai ne ke kiran mutum bayan kwana biyu ka ji ko ƙarar ta dawo. Kunne mai jin ciwon ƙarfe, mun gode. Kalma ɗaya ta kuɓuce maka kana saurayi, ka biya ta da aikin gaskiya na shekara arba'in da uku, kuma da bakinka ka gyara ta a gaban kowa. Allah ya ba gwiwoyin nan sauƙi, ya sa ka huta cikin jikoki.

Ku kuma masu tasowa a wannan sana'a, da kwamfutocinku na duba mota, ku yi koyi da shi. Ku saurari inji kafin ku kwance shi, ku faɗa wa mai mota gaskiya ko da goruba ce. In kuma an tambaye ku inda kuka koyi aiki, don Allah ku haɗa da sunan unguwa.