Mai Tsire a Ƙauyen Kolombiya

Jama'a, ku yi haƙuri da rubutun. Yau na ga ƙanina Sabi'u!

Bayan azahar ina shago a Titin Koudoukou, sai ga wani Bature ya shigo sayen ruwa, da ƙatuwar jaka a baya. Na miƙa masa, bai karɓa ba, ya ƙura min ido.

Na ce masa da Faransanci, "Lafiya dai?"

Sai ya nuna tsagar gidanmu, ukun nan na kumatu. Wai ya taɓa ganin irinta sak! Bara yana yawon ƙauyukan Kolombiya da jakar nan tasa, motarsu ta tsaya a wani ɗan gari, ya ci nama wajen wani baƙin mutum. Nama a tsinke, an barbaɗa masa garin gyaɗa da yaji.

Na ce, "Tsire ke nan!"

Ya zaro waya ya nuna min hoton mutumin. Wallahi Sabi'u ne! Shekara huɗu da tafiyarsa, ko saƙo babu, har mun fara cire rai. Ga shi tsaye gaban tukuba da malafa irin ta mutanen can, yana dariya.

Na rufe shago, muka hau babur ni da Baturen, sai unguwar Kokoro wajen Inna. Baturen ya ba mu sunan garin da lambar masaukin da ya kwana. Gobe za mu kira in sha Allahu.

Inna ta daɗe tana shafa hoton. Ta share hawaye da bakin mayafi, ta ce, "Ja'iri, har ƙiba ya yi. A tambayar min shi, can ɗin babu waya ne?"