Zanen majigin Malama Saratu yana wurina, kuma ba zan bayar ba

Malama Saratu ta rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina zaune ƙofar gida da kofin shayi. Shayin yana nan inda na ajiye shi.

Ciyaman ɗin kwamitin majigi ne ya kira ni. Ko "sannu da rashi" bai ce ba. Wai, "Baba Dauda, ka ji Madam ta tafi ko? To, zan turo a karɓi farin zanen nan, za mu yi mata taron tunawa a hol a Barnawa ranar Asabar."

Gawarta ba ta ma bar asibiti ba, shi zane yake nema.

Na kashe wayar. Ga amsata a nan, kowa ya gani. Ban yi boko ba, a ajin manya na coci na koyi harafi, da yatsa ɗaya nake danna wannan. Wanda ya ga kuskure ya riƙe abinsa.

Ga waɗanda ba su san ta ba: tsohuwar hedimistires ce. Ita ce duk Asabar ɗin ƙarshen wata take ɗaure farin zane a ragar ƙwallo a filin bayan firamare, nan Sabon Tasha, ta nuna mana fina-finan baƙar fata. Makaɗan Amurka jikokin waɗanda aka kwashe, mawaƙan Mali da Kongo, tarihin yadda aka sayar da mu da yadda muka ƙi ɓacewa. Tana tsaye da lasifika tana juya Turancin zuwa Hausa. Ba tikiti, ba ƙofa. Mai keke ya faka ya kalla, mai awara ta kalla tana suya.

Da faɗa muka fara, ni da ita.

Ran nan ta sa wani tsohon fim na mutanen duwatsunmu suna rawa. Baturen ciki ya ce rawar aure ce, ita ma ta fassara haka. Mata suka kama guɗa. Ni kuwa na san waƙar. Da ita ake fitar da gawar maharbi. Da ita aka fitar da kakana, ina riƙe da zanen uwata.

Na tashi na je na tsaya a gaban hasken injin. Inuwata ta cinye zanen gaba ɗaya.

"Baba, ka zauna mana!" "Wa ya kawo tsohon nan?" Har da mai jifa da ledar ruwa.

Ta tsayar da fim ɗin. Ta ce, "Baba, lafiya?"

Na ce, "Ƙarya kike fassarawa. Kun sa mata suna yi wa mamaci guɗar amarya."

Na ɗauka za ta sa a janye ni. Sai ta miƙo min lasifikar. "To, gyara mana."

Daga ranar ya zama doka: duk wanda ya san abin da fim bai sani ba, ya shiga haske, a tsaya a ji shi. Malam Idi mahauci, da yake zuwa tun daga Makera, ya taɓa shiga don ya ga wani baƙin Amurka yana kaɗa abu mai tsirkiya. Ya ce, "Jama'a, wannan ai gurmi ne aka sa wa kwat." An yi dariya, sannan ya zana mana yadda babansa yake haɗa nasa. Ba a ƙarasa fim ɗin ba ranar, kuma ba wanda ya yi ƙorafi.

Zanenta na farko zanen gado biyu ne aka haɗa, ɗinkin yana raba fuskar mutum gida biyu. Abin ya dame ni. Na ɗauko farin yadin da na fito da shi daga masaƙar da na yi aiki a Kakuri kafin a rufe ta, na kai mata. Na ajiye shi ne don ranar da za a naɗe ni. Da na gaya mata, ta ce, "To sai ka daure kada ka mutu, Baba Rigima, don ba zan mayar ba."

A gidana zanen yake kwana, ni ne kusa da fili.

Ta lura kunnena na dama ya mutu, ban taɓa gaya mata ba. Kullum sai in tarar an ajiye min kujera mai jingina ta inda na hagu zai fuskanci sifika.

Maganin idon da nake ɗigawa, ita ce ta fara kawo min. Ta ce ba ta son in yi mata gardama a kan abin da ban gani da kyau ba.

Ku kuma 'yan kwamiti, yaushe kuka zo? Sai da baƙi suka fara zuwa ɗaukar hoto. A gabana Ciyaman ya ce tsofaffin nan suna ɓata furogiram, a koma hol mai esi, a yi katin gayyata, a daina ba kowa lasifika. Kun ɗauka mataccen kunnen nan na dama kuka samu. Na hagu ne.

Tun da ta kwanta ciwo, wa ya zo ya ce a ɗaure zane ko sau ɗaya? Injin yana but ɗin motarku. Yau kuma duk kun cika waya da hotonta, "uwarmu, uwarmu". Ku ji kunya.

Lahadin da ta wuce na je duba ta a gidan 'yarta a Narayi. Ta rame har na kasa kallonta, sai na kama yi mata faɗa a kan ba ta cin abinci. Ta bar ni na gama. Sannan ta ce, "Zanen fa?"

Na ce yana nan, na wanke.

Ta ce, "A waje za a ɗaure shi. Ranar da aka sa wa abin nan ƙofa, Malam Idi ba zai zo ba, kai ma ba za su bar ka ka shiga haske ba."

Na ce ta daina maganar banza, ita za ta ɗaure da hannunta. Maganata ta ƙarshe da ita ke nan. Gardama.

Saboda haka, Ciyaman, kada ka wahalar da ɗan aikenka. Ranar Asabar da yamma ni da Malam Idi za mu ɗaure zanen a ragar ƙwallo. Idan kun kawo injin, ku zauna a ƙasa kamar kowa. Idan kun riƙe shi, kowa ya zo da tocilan ɗinsa a haska zanen. Duk wanda ya san wani abu game da ita ya shiga haske ya faɗa. Ni zan fara.

Ubangiji ya karɓi baiwarsa Saratu, ya ba ta hutawa, ya ta'azantar da 'yarta da jikokinta. Ni kuma ya yafe min bakina, ita ta riga ta yafe.

Kirista da Musulmi, duk wanda ya taɓa zama a filin nan, ya yi mata addu'a yadda ya iya. Ku ma 'yan kwamiti ku yi. Wannan kam ba na hana ku.