Ba Aljanu Ba Ne, Idona Ne

Assalamu alaikum. Wata bakwai ke nan ban ce uffan ba a nan. Wasu sun ɗauka aure na yi, wasu sun ce fushi na yi da zauren karatunmu. Ko ɗaya. Jinya na yi.

Kun san cutata ta asali: littafin aljanu. In babu dodo mai kai bakwai, ko tsinuwar da ta bi zuri'a har jikoki, ko rijiyar da ake jin kiɗa a cikinta, to ba ni a ciki. Sau nawa mai adaidaita ya wuce da ni makarantar da nake koyarwa a Tarauni, ina duƙe a kan waya, an kusa buɗe ɗakin da aka ce kar a buɗe.

Da ɗan abu ya fara. Baƙaƙen ɗigo suna yawo a idona na hagu kamar ƙudaje. Sai walƙiya a gefen idon, da rana tsaka.

Kuskurena shi ne yadda na faɗa wa mahaifiyata. Da bakin littafi na faɗa. Na ce, "Inna, wasu baƙaƙen abubuwa ne suke bina duk inda na juya."

Ta saki ludayi. "Ban faɗa miki ba? Kullum kina kiran sunansu, yau ga shi sun amsa!"

Wallahi ni ma na yarda. Digirina bai hana ni ba. Wadda ta shekara ashirin tana hira da aljanu a takarda, ba ta wuyar tsorata.

Sati uku muna ruƙiyya da hayaƙi da rubutu. Addu'a ba ta da laifi, mu ne muka tsaya a nan. Inna ta kwashe littattafaina, kwali uku, na tun ina sakandare, ta ba mai ƙosan bakin layinmu a Gyaɗi-Gyaɗi. Na cikin waya kuwa da hannuna na goge.

Sai wani duhu ya fara rufo idon kamar labule.

Anti Rahila, maƙwabciyarmu 'yar Kudancin Kaduna, nas ce. Ta shigo duba ni, ta ce in rufe idon dama in ƙirga yatsunta. Ko hannun ban gani ba.

"Ɗauko mayafinki. Yanzu, ba gobe ba. Mama, ki yi haƙuri, a ci gaba da addu'ar a hanya."

A asibitin ido, yankan kati, layi, ɗiga magani, jira, a haska miki fitila har hawaye ya zubo, hoton ido. Likita ya tambaye ni yaushe abin ya fara. Na faɗa masa.

Ya ce wata siririyar fata ce a can bayan ido, wadda take ɗaukar hoton duk abin da muke gani, ita ta ɗaye. "Ta daman ma ta fara yagewa. Ita za mu fara ceta."

Na ce, "Likita, zan sake karatu?"

"Malama, za mu yi iya yinmu."

Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Babu dodon da ya kai wannan amsar.

Aka liƙe na dama da hasken lesa, aka yi wa na hagu tiyata. Kuɗin ba na wasa ba ne, sai da awarwarona suka tafi, 'yan uwa suka cika.

Bayan aiki, kwana goma a kife. Haka aka ce. In ci a kife, in yi salla a kife, ba abin da nake gani sai zaren tabarma. A nan kewa ta kama ni. Ina kewar ƙanshin sabon littafi. Ina kewar faɗuwar gaban nan mai daɗi, irin wadda kin san kina rufe shafi ta ƙare.

Rana ta shida Inna ta fita ba ta faɗi inda za ta ba. Ta dawo ta tura min leda ƙarƙashin fuskata. Shafuka ne tsiraru, ba farko ba ƙarshe, duk maiƙo.

"Abin da ya rage wajen mai ƙosan ke nan. Ki yafe min."

An hana ni kuka saboda idon. Na karya doka.

Yau alhamdulillah na koma aji. Na gode wa Allah. Na gode wa Anti Rahila, da likitoci da nas-nas, da ku da kuka yi ta cigiyata. Na gode wa Inna, tsoronta ma so ne.

Don Allah, in kun ga ɗigo yana yawo, ko walƙiya, ko duhu a gefen ido, ku tafi asibitin ido a ranar. Masu gilashi mai kauri irina, ku riƙa zuwa ana duba ku ko ba ciwo. Kuma in za ku faɗa wa iyaye, ku ce ido ne.

Na dama yana karatu yanzu, da manyan baƙaƙe, a hankali. Da ina cinye littafi a wuni. Jiya shafi huɗu na yi, na ji kamar an biya min Makka.

Na hagu haske kawai yake bambancewa. Likita ya ce in saba da haka.

Na ce to. Amma kowace safiya bayan salla, sai na buɗe shafi, in rufe na dama da tafina, in jira kaɗan.