Dinah Mai Wanke Magana

Duk garin Dabai an san Dinah da abu ɗaya: magana ba ta ratsa bakinta ta fito da ƙaya. Tun tana yarinya ake aikenta tsakanin masu rigima. A ce mata, “Je ki gaya wa ɓarawon can ya fitar da akuyarsa daga gonata,” ta isa ta durƙusa ta ce, “Baba na gaishe ka, yana tambayar lafiyar akuya.” Da wannan hali ta zama tafinta a Zumuntar Mata ta coci, tana juya yaren C'lela zuwa Hausa, tana tsince zagi kamar tsakuwa a shinkafa.

Ta auri soja, ya tafi Saliyo, kayansa kaɗai suka dawo. Aka ƙyale ta a barikin Zuru wasu shekaru, sai a 2004 aka ce ta bar ɗakin kafin damina, ita da 'ya'yanta biyu, Destiny da ɗan'uwanta.

Ana nan wata ƙungiya mai haƙa rijiyar burtsatse ta zo neman wanda zai riƙa zama a taron ƙauyuka, ya dawo ya faɗa wa manyan ƙungiyar da Turanci abin da aka ce. Aikin har da ɗaki. Jarrabawar ta baka ce: a sa mutane su yi gardama a gabanka, ka tashi ka taƙaita.

Ambrose mai kemis, mijin ƙawarta, ya ɗauki nauyin horar da ita. Turancin bai gagare ta ba, halin ne. 'Yan kabu-kabu su yi cacar baki a ƙofar shago, ya ce ta taƙaita, ta ce sun tattauna sun fahimci juna.

“Maman Destiny! Wannan cewa ya yi zai fasa wa wancan kai!”

“To ai bai fasa ba, Oga Ambrose.”

“Da wannan bakin naki, a gindin bishiya za ki kwana.”

Jarrabawa ta matso, dangin mijinta suka kira zama a ƙauyensu Kanya kan makomarta. Ta dawo fuska a sake, wai kowa ya tausaya mata. Ambrose, da bai san abin da aka tattauna ba, ya ga abin gwaji ya samu.

“Faɗa min da Turanci. Wa ya ce me?”

Ga matsalar: Turancinta gajere ne, ba shi da zanen rufa wa kowa asiri. Ta fara a hankali. Solomon, yayan mijinta, ya ce gidansa ya cika. Ƙanensa Dawuda ya ce zai ɗauki namijin, tunda ya isa riƙe fartanya. 'Yar'uwarsu Magdalene ta ce a ba ta Destiny ta riƙa yi mata raino.

“Ke kuma fa?”

Dinah ta lalubi kalma, ta sake laluba.

“Ba wanda ya ambace ni.”

“Yauwa! Haka ake so!” Ambrose ya buga teburin shagon. Sai ya dubi fuskarta, ya juya yana gyara kwalaben da ba su karkace ba.

Ta ci jarrabawar, an ce ba ta yi gargada ba ko sau ɗaya. Ta samu ɗakin, ba ta ba kowa ɗa ba. Sai dai tun ranar ba ta sake taka Kanya ba, ko da Kirsimeti.