Kai Nura Kano Koyon Magana da Mutane

Daga gida zuwa Makoda

Ƙarfe biyar da rabi na asubar Litinin muka fito daga ƙauyenmu, ni da ɗana Nura. Shekararsa ashirin da huɗu. Duk injin ban-ruwan da ya lalace a fadamarmu shi ke gyarawa, amma bai taɓa yin magana da mai injin ba. Ni nake tsayawa in ji matsala, in ba da amsa. Idan baƙo ya yi masa sallama sai ya sunkuyar da kai. Yanzu ga shi kunnena na hagu ya toshe, na dama ma yana bin sawu. Kullum tambayar da nake yi wa kaina ita ce, ranar da babu ni, wa zai yi masa magana?

'Yar ƙanina da ke aikin jinya a Kano ce ta ce akwai wata likita, Dakta Hauwa, da ke koya wa matasa irin Nura hulɗa da jama'a ta hanyar wani tabarau. Ban gane ba, amma na ce mu je.

Babur ɗaya muka hau. Minti ashirin da biyar muka yi tsakanin gonakin gero da gyaɗa kafin Makoda. Nura ya riƙe rigata tamau, har ɗinkin kafaɗa ya farke.

Makoda zuwa Kano

Bas ba ta cika ba sai bakwai saura kwata. Na roƙi direba ya bar Nura a jikin taga.

"Baba, ba shi da lafiya ne?"

"Lafiyarsa ƙalau. Matsi ne ba ya so."

Bayan mun wuce Ɗambatta muka tarar da shingen jami'an tsaro. Ɗayansu ya leƙo, ya ce da Nura, "Kai, me ke cikin jakar nan?" Nura ya ƙanƙame jakar, bai ɗago ba. Jami'in ya sake tambaya da ƙarfi. Na yi sauri na ce sifana ne da sukudireba, na buɗe masa. Ya daɗe yana kallon Nura kafin ya ce mu tafi. Har muka shiga Dawanau ban daina istigfari ba.

Tara da minti goma muka sauka a Kurna, gidan ƙanina Sale. Matarsa ta kawo koko da ƙosai. Nura ya juya wa kowa baya ya sha nasa.

Wurin likita, ranar farko

Adaidaita-sahu ta kai mu cikin minti arba'in. Ɗaki ne madaidaici, kujeru uku da talabijin a bango. Dakta Hauwa ta gaishe ni, sannan ta zauna a gefen Nura, ba a gabansa ba. Ta nuna masa tabaran, wani abu kamar ƙaramin akwati mai igiyar ɗaurawa a kai.

"Idan ka sa, za ka ga kanka a teburin mai shayi. Mutanen ciki ba na gaske ba ne, ni nake sa su magana. In ka gaji ka cire." Ta juyo gare ni. "Baba, abin da idonsa ke gani, shi za ka gani a talabijin."

Nura ya juya tabaran, ya duba kusoshinsa, sannan ya sa. Sai ga rumfa, ga benci, ga tulin burodi. Muryar mai shayi ta ce, "Sannu da zuwa, me za a kawo maka?"

"Shayi, ba madara," in ji ni daga kujerata.

Dakta ta ɗaga mini hannu. "Baba, don Allah."

Kunya ta kama ni. Na mai da ido kan talabijin. Rumfar ta ɓace. Babu abin da ake gani sai ƙasa da ƙafar benci da silifas ɗin mai shayi. Minti ɗaya, minti biyu, ƙasa kawai. A nan na gane iya abin da ɗana ke gani ke nan idan ya shiga mutane, shekara da shekaru, ni kuwa ina gefensa ina ta surutu.

Dakta ta ƙara mutum biyu a bencin, suna hira da dariya. Numfashin Nura ya canza. Kafin in miƙe ya fizge tabaran, ya buɗe ƙofa ya fita a guje.

Ko da na fito, babu shi. Nura bai san Kano ba, ba shi da waya, kuma ko an tambaye shi sunan unguwa ba zai faɗa ba. Na duba masallaci, na duba bayan motoci. Mai gadi ya rantse bai fita ta ƙofarsa ba, amma na ga akwai wata ƙaramar ƙofa da ta ɓulla titi. Na tsaya bakin titin ina kallon adaidaita suna wucewa, ina tunanin abin da zan gaya wa mahaifiyarsa.

Bayan minti talatin da biyar wata mai shara ta ce ta ga wani saurayi a ɗakin janareto. Can na same shi a tsugune, ya jingina da bango, yana sauraron ƙarar injin.

"Mu koma gida," na ce.

Dakta ta iso bayana tana haki. "Laifina ne, na yi gaggawar ƙara mutane. Nura, gobe mai shayi shi kaɗai ne. Za ka zo?"

Ya ci gaba da sauraron injin. A gidan Sale aka yi tuwon shinkafa da miyar taushe, ko loma uku ban yi ba. Na riga na yanke cewa da safe tasha za mu nufa.

Talata

Bayan sallar asuba na tarar da Nura a zaure, ya sa takalmi.

"Tasha?" na tambaye shi.

"Wurin tabarau."

Ƙarfe goma muka shiga. Dakta ta ce masa, "Ba sai ka kalli idonsa ba. Mu nan ma ba a ƙura wa babba ido. Kalli hularsa." Ni kuma ta ce in zauna can kusa da ƙofa. Na damƙe carbi don kada bakina ya suɓuce.

Ƙasa ta sake bayyana a talabijin. Can sai hoton ya fara tashi a hankali: gwiwa, aljihun riga, haɓa, sai hula. Ya koma ƙasa. Ya sake tashi. A karo na huɗu na ji wata murya ƙasa-ƙasa: "Shayi." Mai shayi ya ce, "Da madara?" Hoton ya koma ƙasa, ya sake tashi. "A'a."

Sau shida suka maimaita. Da za mu tafi Dakta ta ce kada in ɗauka an gama. "Na cikin tabarau ba ya tsawa, ba ya gaggawa. Na waje yana yi. Ku dawo bayan mako biyu. Kafin nan, Baba, in an tambaye shi abu, ka ƙirga goma a zuci kafin ka amsa."

Hanyar dawowa

Biyu da rabi muka tashi daga tasha. Saura kaɗan mu kai Ɗambatta bas ta fara shaƙewa, ta mutu. Direba ya buɗe inji yana ta taɓe-taɓe. Nura ya raɗa mini a kunnen dama, "Tiyon mai ne ya tsage."

"Je ka gaya masa."

Ya sauka. Ya tsaya kusa da direban, na ga ya ɗaga kai zuwa hularsa, leɓensa yana motsi. Direba ya daka masa tsawa: "Malam, matsa mana, ka tsaya mini a ka!" Nura ya dawo ya zauna, ya cusa hannuwa tsakanin cinyoyi. Ni na je na faɗa. Tiyon ne kuwa. Har Makoda bai ƙara motsi ba, ni kuma ina ta zargin kaina da na tura shi.

Shida da kwata muka sauka a Makoda. Wani ɗan acaɓa ya tsaya gaban Nura. "Ina zuwa?"

Na fara ƙirga. Ɗaya, biyu, uku. Mutumin ya murɗa totur zai wuce. Ina kan bakwai Nura ya faɗi sunan ƙauyenmu, ya ƙara da, "Mu biyu."

Ana kiran magariba muka shiga gida. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, na gode wa Sale da iyalinsa, da Dakta Hauwa, da baiwar Allah mai sharar nan da ban ma tambayi sunanta ba. Mahaifiyarsa ta tare ni a tsakar gida tana tambaya ko an dace. Nura ne ya yi magana daga bakin ɗakinsa, yana kwance takalmi.

"Inna, za mu koma. Ki ɗinke wa Baba rigarsa."