Memorin da ke Gefen Gadon Inna

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan labarin ya same ni, ina tsugune ina hura wuta.

Anti Sa'a ta rasu.

Malama Sa'adatu nake nufi, yayar maigidana, wadda ta koyar da ni kimiyya a sakandare tun ban san zan shigo gidansu ba. Jiya ta je makaranta lafiya lau a Makarfi. Yau ta idar da sallar asuba, ta ce wa mijinta kanta na sara, ta kishingiɗa. Kafin a samo mota, rai ya yi halinsa.

Maigidana ne ya amsa wayar a zaure. Da ya shigo, sai ya dafa ƙofar kicin ya faɗa mini, ya ce kada in bari Inna ta gane, sai Baffa, ƙanin mahaifinsu, ya iso daga Janfalan, shi ne babba, shi zai gaya mata.

Inna ita ce mahaifiyarsu. Tare muke zaune a nan Ikara. Idonta ya yi rauni ƙwarai, ga hawan jini.

Na ce to. Na manta da akwatin.

Masu shiga ɗakin Inna sun san shi, wata 'yar robar ajiye abinci ce a kan kabad, an huda murfinta an sa sifika. Anti ce ta haɗa shi. Wasu matan atamfa suke tarawa, ita kuwa 'yan allunan lantarki take tarawa, waɗanda ba su kai tafin hannu ba. Takan ce kowane ɗaya ƙaramar kwamfuta ce, sai dai abu guda yake iya riƙewa a ka, kamar ɗalibanta ranar Litinin.

Saboda magani ta haɗa shi. In na kai wa Inna ƙwayoyinta, sai ta karɓa, ta sa mini albarka, washegari in ina kakkaɓe shimfiɗa in tarar da su a ƙarƙashin filo. Har sai da ta taɓa yanke jiki ta faɗi a bakin rijiya.

Da farko ƙara kawai akwatin yake yi in lokacin magani ya yi. Inna ta ce ita ba kaza ba ce da za a kira ta da tsiwit-tsiwit.

Sai Anti ta ce murya za ta sa. Amma ƙwaƙwalwar allon ba ta isa ta ɗauki muryar mutum ba, dole a ƙara masa memori. Wata Asabar ta zo da gidan memorin, ɗan mitsitsi, bai kai ɗan kwalin ashana ba, da wasu wayoyin lantarki sirara masu launi-launi. Ni na riƙe mata su tana liƙawa da dalma, hayaƙin na shiga idona. Aka kunna, shiru. Ta duba, ta duba, ashe ta juya wayoyi biyu ne. Ta yi ta dariyar kanta, ta ce kada in kuskura 'yan ajinta su ji.

Aka gyara, aka sake kunnawa, shiru dai. Memorin da ta sayo ya yi wa allon girma, ba ya gane shi. Sai na ga tana kallon wayata.

"Zulai, ba ni tsohon nan naki."

Ni kuwa nan ne duk labaran soyayyar da nake saurare in ina wanki suke. Na tsaya ina nuƙu-nuƙu.

"Duk ƙarshensu aure ne," in ji ta. "Na gaya miki, kin huta."

Gwajin farko ba ta goge nawa ba tukuna, allon kuma abin da ya fara cin karo da shi yake ɗauka. Sai ga muryar wani namiji a ɗakin Inna, yana rantsuwa ba zai iya rayuwa ba sai da wance. Inna ta ɗago kai ta ce wane maras kunya ne ya shigo mata ɗaki. Ban san lokacin da na isa kicin ba. Har watanni bayan nan, in Anti ta zo, takan tambaye ni ko mutumin ya rayu.

Daga baya ta share memorin tas, ta ɗauki muryarta ta zuba, ta safe daban, ta la'asar daban.

Ga abin da waɗanda ba 'yan gida ba ba za su sani ba. Anti 'yar fari ce. Inna ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai "waccan ta Makarfi". In Anti ta durƙusa tana gaishe ta, bango Inna take kallo. In ta kawo mata tsaraba, ni za a ce wa, "Ki ce mata an gode," alhali ga ta nan zaune. Haka Inna ta taso, haka ta ga an yi, Anti kuma ba ta taɓa ƙorafi ba.

Amma tun a makon farko, ina shara a bakin ƙofa, na ji akwatin ya yi magana, na ji Inna ta amsa ƙasa-ƙasa.

"To, na ji. Ya yaran? Ke kin ci abinci kuwa?"

Ta san na'ura ce, ba wai ta ruɗe ba. Kuma tun daga ranar ban ƙara ganin ƙwaya a ƙarƙashin filo ba.

Da na gaya wa Anti, sai ta goge ido da bakin mayafi ta ce, "Akwati ba shi da ido, shi ya sa."

Haɗuwarmu ta ƙarshe makon jiya ne. Tana zaune a tsakar gida muryar la'asar ta tashi, ta ɗan sarƙe a tsakiya. Na ga fuskarta ta sauya. Ta ce memorin ya gaji, dama tsoho ne, kuma wayar da ta yi ɗaukar da ita ruwa ya cinye ta tun damina, don haka babu kwafi a ko'ina. Za ta dawo da sabo ta kwafe. Kafin nan, ta ce, abu biyu: kada a zare shi akwatin na kunne, kuma kada in bari kowa ya sa shi a waya.

"Wayar za ta yi tambaya da Turanci ko a yi fomat, wato a goge komai. Mutanenmu kuwa duk tambayar da waya ta yi musu, e suke dannawa."

Na raka ta zaure. Mai babur na jira, ta ɗaga ƙafa za ta hau, sai ta juyo.

"Ki riƙe mini ita, Zulai."

Ban tambaye ta wa take nufi ba, muryar ko Inna. A littafi, in wani ya faɗi irin wannan magana, tun a shafin gabana yake faɗuwa. Ranar kuwa hankalina na kan miyar da na bari a wuta.

Yau da hantsi, Baffa bai iso ba, na ɗauki koko zan kai wa Inna, ina ta gyara fuska. Ina ɗaga labule na ji ta.

"Inna, ina kwana? Sa'adatu ce. Farar ƙwaya ɗaya, ruwa na hannun dama."

A daidai lokacin ana can ana yi mata wanka.

Inna ta lalubo kofi ta haɗiye maganin. Sannan ta ce da akwatin, "Lafiya lau. Yau muryarki kamar daga nesa."

Da Baffa ya zo, ya zauna a bakin ƙofa, ya yi doguwar gaisuwa, ya kewaya ya kewaya sannan ya faɗa. Inna ta yi salati. Ba ta yi kuka ba. Ta ce in fito da tabarmi, mutane za su zo.

Maza suka tafi Makarfi jana'iza. Inna ba ta iya doguwar tafiya, sai mata suka cika mana gida.

Gab da la'asar Iya Asabe, ƙanwar Inna, ta lura da akwatin. Ta ce bai dace muryar mamaci ta tashi a tsakiyar zaman makoki ba, zai tayar wa Inna hankali. A zare abin da ke ciki, in ji ta, a sa a waya a tura wa dangi, kowa ya samu abin tunawa. Wata ta riga ta miƙo wayarta.

Ni suruka ce, shekarata biyu ba ta cika a gidan ba. Na durƙusa na ce a hankali, Anti ta ce kada a zare.

"Amarya, mai abin ta tafi," in ji Iya. Ta ɗora hannu a kan murfin.

"Asabe," in ji Inna. "Bar shi."

Ba ta ɗaga murya ba, amma Iya ta janye hannu.

Ana cikin haka akwatin ya tashi. "Inna, la'asar ta yi, a sha..." Sai ya yanke. Wani shuu ya biyo baya, 'yar jar fitilar da ke jikin allon tana ƙyaftawa. Ba wadda ta motsa. Can sai ya koma farko, ya faɗi maganar har ƙarshe, yana jan ta kamar mai hawan tudu.

Inna ta haɗiye ƙwayarta, ta ajiye kofin. A gaban mata cike da ɗaki ta juya wajen akwatin.

"Na ji, Sa'adatu."

Iya Asabe ce ta fara rufe fuska. Ta ce tun ranar suna ba ta ji sunan nan a bakin yayarta ba.

Yanzu magariba ta kusa. Akwatin na nan a kunne, na sa shi a caji, ban taɓa komai ba. Fitilar na ci gaba da ƙyaftawa, abin da ba ta yi a da. Ina tsoron in kashe ya ƙi tashi, ina tsoron in bari ya ƙarasa lalacewa. Ban san ko gobe da hantsi zai yi magana ba, kuma in bai yi ba, na san inda zan tarar da ƙwayar Inna.

In akwai wanda ya san aikin nan da gaske a Ikara, Makarfi ko Kudan, ko cikin ɗalibanta, don Allah ya yi mini magana ta akwatin saƙo. Wanda zai kwafe ba tare da ya goge ba.

Ya Allah Ka jiƙan Malama Sa'adatu, Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata kabarinta, Ka sa kulawar da ta yi wa mahaifiyarta ta zame mata haske. Ka raya 'ya'yanta, Ka ba mijinta haƙuri, Ka riƙe mana Inna.

Duk wanda ya karanta, don Allah kada ya wuce bai yi mata addu'a ba. Ku ambaci sunanta. Ku sa Inna a ciki, musamman gobe da hantsi.