Ƙayar da na zuba a gidana

A Yasore aka raine ni, a ɗakin kakata Iya Hansai. Idan kaka ta yi aka shigo da amfanin gona, takan hura wuta a bakin madafa bayan sallar isha, ta tura masara cikin garwashi, mu jikokinta mu kewaye ta. Ba ta fara labari sai masarar ta fara ƙamshi. Sannan ta gyara zama ta ce, "Ga wata baƙuwa nan ta taho da ƙafarta, wa zai ba ta wuri?" Mu kuma mu amsa, "Ta zauna kusa da mu, mu ji ta."

Akwai wadda ta fi maimaita mana, ta wani manomi mai rijiya a ƙarshen gonarsa. Ruwanta daɗi gare shi, duk unguwa nan suke ɗiba, har hanya ta fito fes ta tsakiyar gonar. Wata rana mutumin ya ji ya gaji da sawun mutane. Bai ce da kowa uffan ba. Ya sari ƙaya ya toshe hanyar, ya buɗe wa kansa wata 'yar siririya ta bayan rumbu.

To, yana da wata tsohuwar saniya da ke kai kanta shan ruwa ta dawo, ba mai kora ta. Ita tsohuwar hanya kaɗai ta sani. Sai ta je ta tsaya gaban ƙayar har rana ta yi sanyi, ta juyo gida. Nono ya ƙafe. Mutumin ya ce matarsa ce ba ta iya tatsa ba. Ya sake ƙwarya, ya ba saniya kanwa, ya nemo saiwoyi, daga baya ya ce maƙwabta ne suka yi mata baki. Dattawan gari suka ce a bi saniyar a ga inda take zuwa. Aka bi ta, shi yana gaba yana ta faɗa, har ta kai su gaban ƙayar ta tsaya.

A nan Iya kan rage murya ta kwaikwayi mai gari: "Wane, wa ya zuba ƙayar nan?" Sai ta ci gaba da juya masara. Mu kuwa mu yi ta dariya, muna mamakin wautar mutum. Ta ce, "Ku yi dariyarku. Baƙuwa ta tashi ta tafi, kowa ya kakkaɓe tabarmarsa."

Yanzu ina Batsari da iyalina, ina koyarwa. Na sayi talabijin irin mai shiga intanet, da 'yar na'urar waifai mai batir da nake ajiyewa a kan kabad. Da 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyukan Ruma, Kawu Sale, ƙanen mahaifiyata, ya taho da matarsa da 'yarsa Bilki, na ba su ɗakin zaure. Ɗansa Lawal yana aiki a kudu. Kullum da yamma Bilki kan kira shi ta waifai ɗina, Kawu ya riƙe wayar da hannu biyu yana kallon fuskar ɗansa.

Data ta riƙa ƙarewa da wuri. Abin ya dame ni, amma na kasa faɗa. Sai na shiga saitin na'urar ta wayata na canza lambar sirri, na sa sabuwar a wayata kawai. Da Bilki ta ce, "Yaya, yau ta ƙi kamawa," na ce mata sabis ne ba kyau. A kwanakin babu wutar lantarki, talabijin na rufe da ƙyalle, ban ko tuna da ita ba.

Ranar Juma'a aka kawo wuta bayan magariba. Kawu ya ce yana son ganin tafsiri, kowa ya hallara a falo. Na kunna, allo ya nuna babu haɗi da intanet. Na zare wayar talabijin daga soket, na ɗan jira, na mayar. Babu. Na kashe na'urar waifai na sake kunnawa, na ɗauke ta daga kan kabad na kai bakin taga. Na duba kwanan wata da agogon talabijin, don wani lokaci su ne ke rikita ta, na tarar daidai suke. Wayata kuwa tana ta aiki, wanda ya ƙara ɓata mini rai.

Na juya kan 'yata Asma'u, da ke aji uku a firamare. "Ke ce kike ta danne-danne da rimot. Me kika taɓa?"

"Baba, wallahi ban taɓa ba."

"Rufe mini baki."

Ta koma bayan uwarta tana share hawaye. Kawu ya ce, "Isiya, bi ta a hankali. Ƙarfe ne, yakan gaji."

Abu na ƙarshe da na sani shi ne in sa talabijin ta manta da waifai ɗin, in sake haɗa su. Na yi haka, ta nemi lambar sirri. Hannuna ya rubuta tsohuwar, ta ƙi karɓa. A nan na tuna ni na canza ta. Da ni kaɗai ne da na kashe na ce sai gobe, amma duk ido na kan allo. Na rubuta sabuwar, harafi bayan harafi, manya-manya kowa na gani. Nan take ta kama.

Bilki ta san tsohuwar lambar. Ta dubi allon, ta dube ni, ta sunkuyar da kai.

Kawu ya ce, "Alhamdulillahi. Me ya same ta ne?"

Na ce, "Makullin ne aka canza, Kawu."

"Wa ya canza?"

Muryar mai tafsiri ta cika falon. Kawu ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ai gidanka ne, Isiya. Da ka faɗa mana, da mun rage."

Na karɓi wayar Bilki na sa mata lambar. Saƙonnin Lawal suka yi ta shigowa. Ashe tunda ya ji su shiru bai runtsa ba, ya ɗauka sun koma Ruma ɗebo hatsi an tare su a hanya. Na ji muryarsa a wani saƙo yana cewa, "Baba, kuna ina?" Na tashi na fita tsakar gida. Na ba Asma'u haƙuri a daren, ta ce ba komai tun kafin in gama magana, abin da ya fi yi mini ciwo ke nan.

Da ina yaro na ɗauka labarin Iya na wawa ne, mutumin da ya manta abin da hannunsa ya yi. Yanzu na gane ba ta taɓa gaya mana abin da ya biyo baya ba. Na tabbata mutumin ya kwashe ƙayarsa, saniya ta sha ruwa, nono ya dawo. Maƙwabtan ne ban san yadda suka ƙare da shi ba. Kawu na nan gidana har yau, ba ya nuna mini komai sai alheri. Amma duk yamma, kafin Bilki ta kira Lawal, sai ya aiko ta ta tsaya a bakin ƙofata ta ce, "Yaya, wai in ji Baba, ko za mu iya kira?"